Abincin Karen Farauta da na Ɗan Kwikwiyo: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu kiwon karnukan farauta suka fi maimaitawa, tun daga wanda ya karɓi kwikwiyonsa na farko har zuwa wanda ya daɗe yana ratsa daji da karnuka. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa masu ɗan zurfi. Karen da ba shi da lafiya kuwa, maganar abincinsa tana hannun likitan dabbobi da ya gan shi ido da ido.

Wane abinci ne ya fi kowanne dacewa da karen farauta?

Babu wani buhu guda da za a nuna a ce shi ne ya dace da kowane kare. Wanda ke yini yana bin sawun dabba, da wanda ake fita da shi sau ɗaya a mako ya ɗauko tsuntsu biyu ya dawo, duk sunansu karen farauta, amma ba abu ɗaya cikinsu ke nema ba. Abu uku ne ke raba gardama: shekarun karen, yawan aikin da yake yi a zahiri, da yadda jikinsa ya karɓi abincin bayan ya yi wata ɗaya ko biyu yana ci.

Na ukun nan shi aka fi yi wa sakaci. Sai ka ga mutum ya kafe a kan wani suna don abokin farautarsa ya yaba masa, alhali nasa karen gashinsa ya dusashe, cikinsa kullum a ɓace. Abin da hannunka ya ji a kan haƙarƙarinsa, da abin da idonka ya gani idan ya yi bayan gida, sun fi duk rubutun talla gaskiya. Akwai amsa ta musamman a kan kowanne a ƙasa.

Me ya bambanta buƙatarsa da ta karen da ke zaune a gida?

Yawan ƙarfin da yake ƙonawa. Kare mai nauyin kilo 20 yana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa, kusan 660 a rana ko da a kwance ya yini. Idan aka haɗa da 'yar zirga-zirgar gida, abin ya kai 1,000 zuwa 1,200. Da zarar ya shiga aiki sosai, yana gudu na sa'o'i, buƙatar takan ninka biyu, ta ma wuce haka idan akwai tsananin sanyi ko yawan shiga ruwa. Karnukan da ke jan keken ƙanƙara a doguwar tseren Iditarod ta Alaska sukan ƙona kalori kusan 10,000 a rana guda.

Shi kuma tumbi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Idan ka ce za ka ninka masa abincin gida ne kawai, cikinsa zai cika bai samu abin da yake nema ba, mafi yawa kuma ya fita ta bayan gida. Shi ya sa ake nema wa karen aiki abincin da kaɗan daga cikinsa ke ɗauke da ƙarfi mai yawa.

Furotin nawa da maiƙo nawa ya kamata in nema?

Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, mai gindaya ma'aunin abincin dabbobi, wadda kamfanoni da yawa a duniya ke bin ma'auninta, ta ce mafi ƙarancin abin da karen da ya gama girma zai samu shi ne furotin kashi 18 cikin 100 da maiƙo kashi 5.5, idan an cire ruwan da ke cikin abincin. Wannan iyakar ƙasa ce don kada kare ya tagayyara. Karen da ke aiki ya wuce nan nesa.

Masu karnukan aiki sun saba da lambar 30/20, wato furotin kashi 30, maiƙo kashi 20. Wannan ya dace da karen da ke fita sau da yawa a mako yana daɗewa a daji. Wanda aikinsa matsakaici ne, abinci mai kusan 26/16 ya ishe shi. Furotin shi ke gyara tsokar da ta gaji, shi ke gina jini. An gwada wannan a kan karnukan keken ƙanƙara a shekarun 1990, aka ga waɗanda aka ba abinci mafi ƙarancin furotin su suka fi jin rauni a lokacin horo. Kada dai lamba ta ruɗe ka: furotin kashi 30 da kare ba ya iya narkewa bai kai kashi 26 mai narkewa amfani ba.

Me ya sa ake ta maganar maiƙo? Ba sitaci ke ba da ƙarfi ba?

Ga ɗan Adam mai tsere, sitaci ne kan gaba. Jikin kare daban yake: tsokarsa ta fi tamu iya ƙona maiƙo, musamman a doguwar tafiya. Giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori kusan 8.5, giram ɗaya na sitaci ko furotin kuwa kusan 3.5. Sitaci wutar kara ne, nan take ta tashi nan take ta mutu. Maiƙo kuwa gungume ne da ke kwana yana ci.

Akwai bambanci a irin farautar. Karnukan gudun yada ƙanin wani, irin su Greyhound da Saluki, waɗanda ke bin zomo na 'yan daƙiƙu ko mintuna kaɗan, suna dogara ne da sukarin da ke ajiye a tsoka, don haka suna buƙatar sitaci daidai gwargwado da maiƙo matsakaici. Masu bin ƙamshi da hanci irin su Pointer da Beagle, waɗanda ke yini a kan ƙafa, su ne maiƙo ya fi yi wa rana. Wannan ba izini ba ne na zuba wa kare tulin kitse rana ɗaya. Yin hakan na iya tayar masa da ciwon kumburin ƙwayar da ke fitar da ruwan narka abinci, ciwo mai tsanani da ke zuwa da amai da murɗar ciki.

Me zan fara dubawa a jikin buhu?

Juya buhun, ka bar gaban. Nemi 'yar jimlar da ke cewa abincin cikakke ne bisa ma'aunin AAFCO, ko na FEDIAF idan daga Turai ya fito. Jimlar za ta faɗi wa aka yi wa abincin: karnukan da suka gama girma, ko masu girma (wato 'yan kwikwiyo) da masu ciki da shayarwa, ko kowane mataki na rayuwa. Idan ka ga an ce na ƙari ne ko na lokaci-lokaci, to ba abincin yau da kullum ba ne. A sani kuma, AAFCO ba ta gwada abinci da kanta. Ma'auni take gindayawa, kamfani ne ke cewa ya cika shi. Wasu da lissafi suke cikawa, wasu kuwa sai sun ciyar da karnuka na tsawon mako 26 ana duba lafiyarsu. Na biyun ya fi kwantar da hankali.

Daga nan sai yawan kalori a kilo ɗaya. Abincin aiki yakan kai 4,000 ko fiye, na gida yakan tsaya wajen 3,300 zuwa 3,600. Da wannan lambar ake gane tsada ta gaskiya: karen da ke buƙatar kalori 2,000 zai ci giram 500 na mai 4,000, amma sai ya ci kusan giram 600 na mai 3,300. Sai ka duba ranar lalacewa, da cikakken sunan kamfanin da hanyar tuntuɓarsa. Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, tana ba da shawarar a tambayi kamfani ko yana da ƙwararren masanin abincin dabbobi, da yadda yake gwada kayansa.

Na ji an ce sai abincin da nama ya zo a farkon jerin kayan haɗi. Haka ne?

Da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Ana jera kayan ne bisa nauyinsu kafin a dafa, ɗanyen nama kuwa kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Idan ya bushe a wuta, abin da ya rage bai kai yadda jerin ya nuna ba. Garin nama, wato wanda aka riga aka busar aka niƙa, ya fi ɗanyen nama yawan furotin a nauyi ɗaya, don haka ba abin gudu ba ne, muddin an faɗi dabbar da aka yi shi da ita. Kayan ciki irin su hanta da zuciya da ƙoda ma ba aibu ba ne. Sun fi tsoka zalla bitamin da ma'adinai.

Busasshe ko na gwangwani?

Ga karen aiki, busasshe ya fi sauƙin ɗauka da ajiya, ya kuma fi ƙarfi a nauyi ɗaya. Na gwangwani yana da amfani idan gajiya ta hana kare ci, sai a ɗan gauraya masa. Wajen kwatanta su ne ake kuskure. Busasshe ruwansa kusan kashi 10 ne, na gwangwani kusan 78. Idan gwangwani ya ce furotin kashi 8, raba 8 da 22 da suka rage bayan cire ruwa, za ka samu kusan kashi 36. Busasshe mai kashi 27 kuwa, idan ka raba da 90, kashi 30 ne.

Ta yaya zan san yawan abin da zan zuba masa?

Teburin da ke jikin buhu mafari ne kawai. Alƙalin gaskiya shi ne jikin karen. Ɗora tafukanka biyu a gefen ƙirjinsa ka shafa a hankali. Ya kamata ka ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka danna ba, da ɗan siririn kitse a kansu. Tsaya a kansa ka leƙo: ya kamata ka ga ƙugu ya ɗan shiga bayan haƙarƙari. Ta gefe kuma, ciki ya ɗage sama wajen cinyoyi. Idan sai ka tura yatsa kafin ka ji haƙarƙari, ya yi ƙiba. Idan ƙasusuwan ƙugu da na gadon baya sun fito zara-zara, ya rame. Likitoci na amfani da ma'auni mai mataki 9, wurin da ake so shi ne 4 zuwa 5, kuma karen da ke cikin aiki ya fi jin daɗi a 4.

Riƙa yin wannan duba kowane mako, ka ƙara ko ka rage da kusan kashi 10 cikin 100, ka jira mako biyu ka gani. Auna abincin da sikeli ya fi kofi tabbas.

Ƙiba ba ƙaramin abu ba ce. An bi rayuwar karnukan Labrador 48 a Amurka tun suna ƙanana har mutuwarsu, aka fitar da sakamakon a 2002. Rabin da aka rage wa abinci da kashi 25 cikin 100 sun fi 'yan uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma ya jinkirta kama su.

Yaushe ɗan kwikwiyo ke fara cin abinci, kuma sau nawa a rana?

Daga mako 3 zuwa 4 ake fara ajiye masa abincin kwikwiyo da aka jiƙa da ruwan ɗumi har ya yi ruwa-ruwa, yana lasa yana kuma shan nonon uwarsa. A hankali ake rage ruwan, zuwa mako 6 ko 8 an yaye shi. Daga nan sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, sai a koma sau biyu. Ajiye kwanon na minti 15 ka ɗauke, ko ya cinye ko bai cinye ba. Barin abinci a gabansa dare da rana shi ke sa ya ci fiye da kima, ya kuma hana ka gane ranar da ya daina ci.

Kada a maye nonon karya da madarar shanu. Ta shanu ba ta kai ta karya kauri da maiƙo ba, sukarinta kuma ya fi yawa, gudawa take jawowa. Idan uwa ta rasu ko nononta ya ƙafe, akwai madarar da aka haɗa don kwikwiyo.

Zan iya ba kwikwiyona abincin manyan karnukana na aiki, don ya taso da ƙarfi?

Wannan tambayar ita ce ta fi muhimmanci a shafin nan, domin kuskuren da aka yi a wata shidan farko kare yakan ɗingisa da shi har tsufa. Kowa na son ganin kwikwiyonsa ɓul-ɓul, yana girma kamar ana hura shi. Amma girman da kare zai kai yana cikin jininsa. Abinci ba ya ƙara masa tsawo, sai dai ya sa ya kai can da gaggawa. Idan nauyi ya riga ƙashi ƙwari, gaɓoɓin da ba su gama ƙarfi ba su ke ɗaukar lodin, daga nan matsalar ƙugu da gwiwar hannu da guringuntsi ke samo asali. Karen farauta kuwa jarinsa ƙafafunsa ne.

Nemi abincin da aka rubuta na masu girma ne, ko na kowane mataki na rayuwa. Ma'aunin AAFCO na masu girma shi ne aƙalla furotin kashi 22.5, maiƙo kashi 8.5, kalsiyam kashi 1.2. Idan kwikwiyon daga babban jinsi yake, wanda zai kai kilo 32 ko fiye idan ya girma, kalsiyam ɗin kada ya wuce kashi 1.8, kuma jimlar da ke jikin buhu takan faɗa ƙarara ko abincin ya dace da manyan jinsi ko bai dace ba. Wasu daga cikin abincin 30/20 sun cika wannan sharaɗi, wasu ba su cika ba. Ko wanda ya cika, ƙarfinsa na da yawa, sai an auna sosai.

Furotin ba shi ne mai laifi ba, duk da an daɗe ana ɗora masa. Yawan kalori da yawan kalsiyam su ne. Riƙe kwikwiyonka siriri, kana jin haƙarƙarinsa kamar yadda aka bayyana a amsar yawan abinci. Idan abincin na da man kifi mai ɗauke da DHA, wani nau'in maiƙo, ƙari ne mai kyau ga ƙwaƙwalwa da ido.

To in ƙara masa garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam don ƙashinsa ya yi ƙarfi?

A'a, muddin cikakken abinci yake ci. Babban kare idan kalsiyam ya yi masa yawa, hanjinsa na rage tsotsa. Kwikwiyon da bai kai wata shida ba bai iya wannan ba tukuna, yawan abin da aka ba shi, yawan abin da ke shigewa jikinsa. Binciken da aka yi a jami'ar Utrecht ta Holan a kan 'yan kwikwiyon Great Dane ya nuna yawan kalsiyam na ɓata yadda ƙashi da guringuntsi ke girma.

Ɗaya gefen ma haɗari ne. Kwikwiyon da ake ciyarwa da nama zalla yana samun fosfaras mai yawa da kalsiyam kaɗan ƙwarai. Jiki sai ya koma yana zaro kalsiyam daga ƙashi, ƙafafu su lanƙwashe, ƙashi ya riƙa karyewa da ɗan tsalle. Abin da ake so shi ne kalsiyam ya yi daidai da fosfaras ko ya ɗan fi shi, kada ya wuce ninki biyu.

Yaushe zan mayar da shi abincin manya?

Idan ya gama girma: wata 9 zuwa 12 ga ƙananan jinsi, kusan shekara ɗaya ga matsakaita, wata 12 zuwa 18 ga manya, masu girman gaske kuwa har wata 24.

Shin sai na canza abinci idan lokacin farauta ya zo? Yaya ake canzawa?

Hanya biyu ce, kowacce na da masu bin ta. Wasu na barin kare a kan abincin aiki duk shekara, su rage yawansa idan an ajiye farauta. Wasu na komawa mai sauƙi a lokacin hutu. Ta farkon ta fi sauƙi ga cikin kare, sai dai tana buƙatar mai hannu da ba ya jin tausayin ido. Idan ta biyun ka zaɓa, ka tuna ba a fafe gora ranar tafiya: tsokar kare na ɗaukar mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kafin ta saba da ƙona maiƙo sosai. Fara sabon abincin wata biyu kafin fita ta farko, tare da motsa jiki.

Canjin kansa a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10. Kwana biyu ko uku na farko, kashi ɗaya cikin huɗu sabo. Sai rabi da rabi. Sai uku cikin huɗu. Sannan sabon zalla. Idan bayan gida ya saki, koma matakin baya ka ɗan daɗe a can.

In ciyar da shi da safe kafin mu fita?

Kada ka cika masa ciki. Babban abincinsa ya kasance da yammacin jiya, yadda kafin gari ya waye ya narke ya kuma yi bayan gida. Karen da ke gudu da cikakken hanji yana jin nauyi, yakan yi gudawa a tsakiyar aiki, narka abinci kuma na ƙara masa zafin jiki. Bayan an dawo, bar shi ya huce, hakinsa ya lafa, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan, a jira kamar sa'a ɗaya kafin a zuba masa. Wannan tsari na manya ne. Kwikwiyo ba a tsallake masa abinci.

Akwai kuma ciwon murɗewar tumbi, wanda ya fi kama karnuka masu zurfin ƙirji irin su Great Dane, Weimaraner da Setter. Tumbi ya cika da iska ya juya, jini ya daina gudana. Alamunsa: ciki ya kumbura ya yi tauri, kare na ta kakarin amai ba abin da ke fita, yawu na dalala, ya kasa zama wuri ɗaya. Cikin 'yan sa'o'i yake kisa, maganinsa kuma tiyata ce, don haka babu jira sai gobe. Cin babban abinci sau ɗaya da haɗama yana ƙara haɗarin, shi ya sa ga irin waɗannan karnuka gara a raba abincin gida biyu.

Karena yakan yi laushi ko ya faɗi a tsakiyar farauta. Abinci ne?

Zai iya zama abu biyu, kuma maganinsu daban. Na farko faɗuwar sukarin jini, wadda ta fi samun siraran karnuka masu zafin nama da ba su gama horuwa ba. Kare zai fara tangaɗi, idonsa ya yi kamar bai san inda yake ba, ya kama rawar jiki. Shafa masa zuma ko ruwan sukari a dasashi, kada ka ɗura masa a maƙogwaro. Irin wannan karen ana ba shi 'yan lomomi kaɗan duk bayan sa'o'i biyu ko uku a daji.

Na biyu zafi. Kare ba ya zufa sai kaɗan ta tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Salsiyas. Idan ya haura 41, ransa na cikin haɗari. Harshe ya yi jajir ya zazzalo, yawu ya yi kauri, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Kai shi inuwa, jiƙa masa jiki da ruwa mai sanyi, ka nufi likita. A ranar hutu kare na shan kusan mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa, a ranar aiki kuwa fiye da haka sosai. Ba shi ruwa kaɗan akai-akai. Tunda ba ya zubar da gishiri ta zufa kamar mu, ruwa zalla ya ishe shi. Duk karen da ya taɓa faɗuwa a kai shi a duba zuciyarsa da jininsa.

Abinci marar hatsi ya fi? Ai kare ɗan uwan kerkeci ne.

Ɗan uwansa ne, amma dubban shekaru na zama da mutane sun canza cikinsa. Wani bincike da masana a Suwidin suka fitar a 2013 ya nuna kare ya fi kerkeci yawan ƙwayoyin halittar da ke narka sitaci. Dafaffen hatsi ba ya cutar da lafiyayyen kare. Abubuwan da suka fi tayar wa karnuka ƙaiƙayi su ne naman shanu, madara da kaza, sannan alkama, kuma ƙuma da ƙurar muhalli sun fi abinci yawan jawo susa.

A watan Yulin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara binciken rahotannin ciwon buɗewar zuciya, inda zuciya ke faɗaɗa ta yi rauni, a karnukan da ke cin abinci marar hatsi, wanda aka cika da wake-wake da dankali a madadinsa. Ba a tabbatar cewa abincin ne sanadi kai tsaye ba. Duk da haka, ga karen da zuciyarsa ce ke ɗaukar nauyin aikinsa, ban ga dalilin shiga wannan shakka ba sai likita ya ce hatsi na damunsa.

Zan iya ba shi kayan cikin abin da muka kamo, da ƙasusuwa?

Ɗanye kam a'a. Kayan cikin zomo da barewa da makamantansu na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, wasu nau'inta kuma na ratsawa daga bayan gidan kare su kama mutum, su yi ƙullutu a hanta ko huhu. Ɗanyen naman aladen daji na iya ɗauke da cutar Aujeszky, wadda ba ta da magani a kare, kisa take yi cikin kwana biyu ko uku. Naman da ke kewaye da inda harsashi ya shiga yakan ƙunshi ɓurɓushin dalma, a yanke a zubar. Sauran a dafa sosai, a ba shi a matsayin ƙari. Dafaffen ƙashi kuwa tsagewa yake yi ya huda hanji, ɗanye mai tauri kuma ya fasa haƙori.

Idan na fi son in dafa masa da kaina fa?

Ana iyawa, sai dai ya fi yadda ake zato wuya. A 2013 masana a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun duba tsarin girkin kare guda 200 daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke buƙata. Nama da hatsi kaɗai ba su isa ba, sai da kalsiyam da sauran ma'adinai a aune. Nemi masanin abincin dabbobi ya rubuta maka tsari. Ga kwikwiyo kuwa ba na ba da shawarar gwaji, saboda dalilan da aka kawo a amsar kalsiyam.

Sauran abincin gida da 'yan kyaututtukan horo kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a rana. Waɗannan kuma kada su kusanci kwanonsa: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, domin suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, inabi da zabibi, masu kashe ƙoda, cakulan da kofi, da zailitol, wani abin zaƙi da ake sawa a cingam.

Yaya zan ajiye buhun kada ya lalace?

Bar abincin a cikin buhunsa, ka naɗe bakin, ka saka buhun gaba ɗaya a mazubi mai murfi, a wuri mai sanyi da ba danshi, sama da ƙasa. Sayi girman da zai ƙare cikin mako shida bayan buɗewa. Abincin aiki ya fi saurin lalacewa saboda yawan maiƙonsa. Idan ka ji warin tsohon mai, ko karen da ba ya wasa da kwano ya sansana ya juya, yarda da hancinsa. Danshi kuma na kawo fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, karnuka fiye da 100 sun mutu a Amurka bayan cin wani abinci da wannan guba ta gurɓata. Wani amfanin ajiye buhun shi ne lambar da ke jikinsa, wadda da ita ake gane kayan da kamfani ya ce a mayar.

Yana ci sosai amma yana ramewa, bayan gidansa kuma da yawa. Me ke faruwa?

Fara da tsutsar ciki kafin ka zargi buhu, domin karen daji kullum cikin haɗuwa da ita yake. 'Yan kwikwiyo ana ba su maganinta tun suna mako 2, a maimaita duk mako biyu har mako 8. Manya kuma bisa tsarin da likita ya tsara. Cututtukan da kaska ke sawa ma na ramar da kare, su sa dasashinsa ya yi fari.

Idan an kawar da waɗannan, sai a dubi abincin. Bayan gida na lafiya dunƙulalle ne, ana iya ɗauke shi bai bar shaida sosai ba, sau ɗaya zuwa uku a rana. Tuli mai laushi sau huɗu ko biyar na nuna abincin na wucewa ne bai narke ba, ko kuma an zuba fiye da abin da hanji zai iya. Koma wa mai kalori da yawa a kilo, raba shi gida biyu ko uku, ka ba shi mako 6 zuwa 8 kafin ka yanke hukunci, domin gashi da tsoka ba sa nuna canji cikin kwana uku.

Karya mai ciki da tsohon kare fa?

Karya na ɗaukar ciki kusan kwana 63. A mako shidan farko buƙatarta ba ta canza sosai ba. Daga nan sai a mayar da ita abincin kwikwiyo, ana ƙarawa a hankali ana rabawa kashi-kashi, tunda 'ya'ya sun matse mata tumbi. Idan shayarwa ta kankama, wajen mako na uku da na huɗu, takan ci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba, wani lokaci fiye idan 'ya'yan na da yawa. Kada a ba ta ƙarin kalsiyam tana da ciki, domin hakan na iya jawo mata faɗuwar kalsiyam da jijjiga bayan haihuwa.

Tsohon karen da ya rage fita a rage masa kalori, a bar masa furotin. Tsufa na cin tsoka, kuma furotin ba ya lalata lafiyayyar ƙoda. Sai idan gwajin jini da fitsari ya nuna ƙodar ta fara gazawa ne likita zai canza masa abinci zuwa na masu wannan ciwo.